Tsutsotsin Bishiyar Lemo

Ɗan Feshi bai san tsoron ƙwaro ba. Kyankyaso, kuɗin cizo, gara, har rina mai zafin harbi, duk ya sha shiga gidansu da tankin magani a baya yana fito. Abin da yake tsoro a duniya shi ne a zuba masa ido a ce ya yi magana. Nan take harshensa zai naɗe. Yayarsa kan ce Allah ya ba shi zuciyar zaki ya haɗa masa da bakin jariri.

Ranar da aka kira shi feshin wani gida mai koren ƙofa, ya gama ɗakuna ya juyo kan wata bishiyar lemun tsami a tsakar gida, ganyenta duk a ɓule. Ya ɗaga bakin bututu ke nan ya ji an ce, "Don Allah tsaya! Kar ka taɓa min ita."

Ya waiwaya. Budurwa ce riƙe da littattafan 'yan makaranta, alli har a gefen kumatunta. Autar gidan ce, malamar firamare. Gabansa ya faɗi, ya kuma faɗuwa.

"Zo ka gani," in ji ta. Ta ɗaga ganye ta nuna masa wata koriyar tsutsa mai ƙiba tana ta ci. "Wannan da ka raina, nan gaba za ta rufe kanta a ƙwanso, ta fito malam-buɗe-littafi. Tun ina yarinya nake jiransu duk shekara. Ka ji ko?"

Ya buɗe baki. Wallahi ko "to" ba ta fito ba. Sai kai ya gyaɗa, har murfin tankin ya suɓuce masa ya gangara ƙarƙashin kujera.

Ta yi dariya ta ce, "Kai kuwa Shiru-shiru ne."

Sunan da ya bi shi ke nan. Da yake lambarsa na jikin tankin, da yamma saƙo ya shigo: "Na gode da ka bar min 'ya'yana."

To, a waya fa Ɗan Feshi ba kurma ba ne. Ya rubuta: "Ni ne da godiya. Yau na ga abin da ya fi malam-buɗe-littafi kyau, kuma shi ma ya hana ni feshi."

Daga nan magana ta yi tsawo. Ita ta ce Shiru-shiruna, shi ya ce Haskena. In sun haɗu a bakin makaranta ita ce mai zuba, shi yana murza hularsa yana murmushi. In ya koma gida sai ya amsa mata duk abin da ta faɗa, ɗaya bayan ɗaya. Ta taɓa sa shi ya yi mata alkawari, ya rubuta: "Muddin ina riƙe da bututun nan, tsutsarki ko ɗaya ba za ta mutu a hannuna ba."

Matsalar ita ce Abba, mahaifin Auta. Tsohon ma'aikacin kotu ne, ya yi shekaru yana kallon masu ƙarya suna sunkuyar da kai. Ranar da Ɗan Feshi ya je gaishe shi, ya durƙusa, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya kasa haɗa jimla guda.

"Wanda ba ya iya kallon idona ya faɗi abin da ya kawo shi," Abba ya ce wa Auta bayan ya fita, "akwai abin da yake ɓoyewa. Ba zan ba shi 'yata ba."

Ga kuma Dillali, ɗan aminin Abba, mai sayar da gidaje, shi ma yana neman Auta. Wannan in ya fara magana sai ka sayi kango kana godiya. Kullum yana falon da turarensa da makullin mota a yatsa.

Wata safiya, Auta na makaranta, Abba ya kira Ɗan Feshi. Ya nuna bishiyar da sandarsa.

"Tsutsa ta cinye min ganye. Ka feshe ta yanzu, tas. Ko shi ma ba za ka iya ba?"

Ya shige ɗaki ya bar shi tsaye. Ɗan Feshi ya kewaya bishiyar, ya sake kewayawa. Ya kira Auta, wayarta a kashe, tana aji. Ya ajiye tanki, ya ɗauka, ya sake ajiyewa. In ya ƙi, ya gama da Abba. In ya fesa, ya gama da Auta. Gaba kura, baya sayaki.

Sai ya cire safar hannu. Ya bi bishiyar reshe-reshe, ganye-ganye, ƙaya na yagar yatsunsa, yana ɗauke tsutsotsin yana sawa a wani kwali da ya zo da shi. Waɗanda suka riga suka shiga ƙwanso ya yanko su da rassansu. Sai da ya tabbata babu saura, sannan ya fesa.

Daidai lokacin Dillali ya shigo. Bai ga kwali ba, bututu ya gani. Ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, ya tura wa Auta.

Kafin Ɗan Feshi ya isa gida saƙo ya riga shi: "Na ga hoton. Ashe shirunka ba kunya ba ce. Kar ka ƙara nemana."

Ya rubuta bayani ya tura. Bai shiga ba, ta toshe lambarsa. Washegari ya tare ta a bakin makaranta. Ta tsaya, idanunta sun yi ja, ta ce, "Ina jinka." Ya cire hula ya hau murza ta. Maganar ta ƙi fitowa. Ta jira, ta jira, ta girgiza kai ta wuce.

Kwanakin da suka biyo baya bai san zama ba. Ya rufe kwalin da yankin gidan sauro, kullum ya je gidan maƙwabta roƙon ganyen lemo. Ya leƙa kwali, ya leƙa waya, ya fita ƙofar gida, ya dawo. Abinci sai ya juya cokali ya ture.

Yayarsa ce ta shigo masa da labari. "Sarkin tsoro, kana nan kana kiwon tsutsa, gobe Abbanta zai ba Dillali amsa."

"Yaya, ki je ki faɗa musu."

"Ni za ta aura? Tashi. Bakin da ya ci shi ke godiya, wanda yake so kuma shi ke roƙo."

Da safe ya ji motsi a kwalin. Ya leƙa, sai ya ɗauke shi ya fita ko karyawa bai yi ba.

Ya tarar da Abba a falo, Dillali a gefensa. Auta ta kawo ruwa ke nan, ta tsaya cak da tire a hannu. Ɗan Feshi ya durƙusa. Gwiwoyinsa na kaɗawa har kwalin na rawa.

"Me ke tafe da kai?" in ji Abba.

Dillali ya duba agogo ya yi murmushi.

Ɗan Feshi ya ɗago kai, ya kalli tsohon ido cikin ido. Muryar ta fito a tsinke, amma ta fito.

"Abba... tsoronka nake ji. Shi ne abin da nake ɓoyewa, babu wani. Ka ce in fesa, na fesa. Ita kuma na yi mata alkawarin ba za su mutu ba." Ya ja numfashi. "Ba su mutu ba. Ina son 'yarka, Abba. Ka ba ni ita."

Ya yaye gidan sauron.

Malam-buɗe-littafi na farko ya hau bakin kwalin, baƙi mai ɗigon rawaya, ya buɗe fukafukai ya rufe. Sai ya tashi. Na biyu ya bi shi, na uku, har falon ya cika da su, suna bin labule suna neman taga. Ɗaya ya sauka a kan sandar Abba ya yi zamansa.

Auta ta dire tiren, ruwa ya fantsama. "Shiru-shiruna," ta ce, hawaye na zuba, ta manta Abba na wurin.

Abba bai kalli malam-buɗe-littafin ba. Yatsun yaron yake kallo, duk sawun ƙaya.

"Da hannu ka tsince su?"

"Eh, Abba."

"Duka?"

"Duka."

Tsohon ya gyara zama. Can ya ce, "Na ga masu rawar jiki da yawa a aikina, na ɗauka duk ƙarya ke kaɗa su. Auta, buɗe taga kar su wahala. Kai kuma ka turo manyanka."

Dillali dai ya tuna yana da wani gida da zai nuna wa mai saye.

Ranar aure Ɗan Feshi bai canja hali ba. Ya sa hula ya cire, ya tambayi Yaya ƙarfe nawa har ta kore shi daga ɗaki. Da za a tafi da amarya, Abba ya fito da kansa riƙe da gwangwani, ɗan dashen lemun tsami a ciki. Ya miƙa wa angon.

"Wannan ba a taɓa fesa masa komai ba. Ku dasa a gidanku, tsutsa ta ci rabonta. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

"Amin," in ji jama'a.

Gwangwanin na ta rawa a hannun ango, ƙasa na zubowa. Amarya ta sa hannu ta tallafe ta ƙasa, ta ce a hankali, "Riƙe da kyau, Shiru-shiruna. Na riƙe maka rabi."