Jinin Tongariki

Garae na ganin allura ya suma. Leisongi, mai gwajin jini a wani asibitin Port Vila, ta yi ta masa fifita da katinsa har ya farfaɗo.

"Ƙato kamarka?" ta ce.

"Ba allurar ba ce, ke ce."

Daga ranar ya laƙaba mata 'Yar Allura. Amma jininsa ya fito da wani layi da ba ta saba gani ba, sai ta aika da shi Ostiraliya a bincika. Kafin amsa ta dawo, har an fara maganar aurensu.

Da amsar ta iso, ta buɗe takardar. Harafi ɗaya ne ya sauya a gadon sinadarin da ke sa jini ja. Ba cuta ba ce. Sunan sauyin ne matsalar: J Tongariki, sunan tsibirin su Leisongi, inda aka fara gano shi. Garae kuwa ɗan wani tsibirin ne daban, Ambae.

Kawunta Kalotiti ya ji labari, ya mayar da tabarmin neman aure. Ya ce yaron jininsu ne, watakila ma naflak ɗinsu, wato tsatson dangi, ɗaya ne, kuma ba a aure cikin dangi. Ta ce suna ne kawai likitoci suka sa. Ya ce boko ya cinye mata kunya.

Wata huɗu ba mai yi mata magana a gida. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba.

Garae ya turo saƙo: "'Yar Allura, in ni yayanki ne, faɗa min da bakinki."

Ta amsa: "Kawo min iyayenka in gwada jininsu. Ka ce su karya kafin su zo."

Da sakamakon ya iso, ta ajiye takardu biyu a gaban kawun, cikin taron dangi.

"Kawu, ta ina naflak ke bi?"

"Ta uwa mana. Wannan ma sai an koya miki?"

"To uwarsa ba ta da wannan sauyin a jininta. Daga ubansa ya gada."

Kalotiti ya juya takardar, ya sake juyawa, sannan ya ce a dawo da tabarmin.

Ranar biki shi ya haɗa hannayensu, ya roƙa musu zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Garae ya sunkuya kusa da kunnenta.

"Yanzu zan iya kiranki jinina?"

"A hankali," ta ce. "Kawu na ji."