Amshin Amarya

"Ka tafi Jos ɗinka kai kaɗai, Mahmudu! Ni ba inda za ni!"

"Haba Lailatu... haba hasken idona. Ni na yi wa kaina canjin wurin aiki?"

Muna tsaye a zauren gidanmu na Tudun Ƙofa a Keffi, a shekarar 1975. Ma'aikatar gona ta mai da shi Jos, yana so a ɗaura mana aure mu tafi tare. Ina son Mahmudu kamar raina, amma akwai Iya Hansai.

Kakata ce, ita ta riƙe ni tun daga yaye, don mahaifiyata Azumi tana aure a Agwada. Iya zabiya ce da duk Keffi aka sani. Tun tana budurwa take kiɗan ƙwarya, har Gitata take takawa a ƙasa don biki. Ranar da aka sami 'yancin kai, ina goye a bayanta ta yi waƙa har muryarta ta dishe. Yanzu idonta ya tafi. Ni ke riƙe hannunta zuwa gidajen biki, ni ke ɗaukar ƙwarya, ni ke mata amshi.

"Idan na tafi wa zai zama idonta?" na ce, hawaye na zubo mini.

"Mu tafi da ita mana. Wallahi zan riƙe ta kamar uwata."

"Kai angona, sanyin Jos za ka kai ni ya kashe mini murya?"

Muka juya a razane. Iya ce dafe da bango, ashe duk ta ji.

"Iya, ba fa zan bar ki ba..."

"Rufe mini baki, 'yar nema! Amaren garin nan nawa na raka ɗakin miji da waƙa? Sai tawa ce za ta tsufa tana jan makauniya?" Ta laluba ta kamo fuskata. "Uwarki ta daɗe tana roƙona in koma wajenta, ina ƙi saboda son Keffi. To, na yarda. Agwada ma ana haihuwa, ana aure."

"Amshin fa, Iya?"

"Ƙannenki na Agwada ba su da baki ne?"

Mahmudu ya durƙusa. "Na gode Iya, Allah Ya ƙara girma."

"Ka riƙe godiyarka. Ka sa ta kuka, in tsara maka waƙar da ko jikokinka sai sun ji kunya!"

Ranar da za a kai ni, tsakar gida ya cika da mata. Ina lulluɓe, kaina a sunkuye, na ji ƙwarya ta ɗauka. Iya ta fara sabuwar waƙa da ba wanda ya taɓa ji sai ni, don a gabana ta tsara ta muna tsintar shinkafa.

"Tafi Lailatu, tafi 'yar hannuna..."

Sai muryarta ta karye. Iyar da ban taɓa jin ta yi tuntuɓe a waƙa ba! Gidan ya yi tsit, ba wadda ta san amshin.

Amarya ba ta magana ranar nan, kowa ya sani. Amma daga cikin mayafi na ji bakina ya buɗe.

"Na tafi Iya, da albarkarki..."

Guɗa ta tashi! Mahaifiyata ta kama, sauran mata suka kama. Iya ta share ido, ta daki ƙwarya da ƙarfin da ta daɗe ba ta yi ba.

Iya ta yi tsawon rai a Agwada. Duk sunan 'ya'yana huɗu ita ta yi kiɗa, ta kuma rayu har ta yi wa babbar 'yata waƙar aure.

Da muka je ganinta a ciwonta na ƙarshe, ta kamo hannun Mahmudu, wanda furfura ta riga ta cika wa kai.

"Angona, ka taɓa sa ta kuka?"

"Ina ni ina, Iya? Ina tsoron waƙarki."

Ta yi murmushi. "To, na yafe maka waƙar. Ka riƙe mini Lailatu."