Buhun Yashin Zdenka

"Lubor!"

Zdenka ta sauke buhun yashin daga kafaɗarta, numfashinta na sarƙewa. Duk mai hawa kufan fadar nan sai ya ɗauko buhu ɗaya daga gindin dutse ya kawo wa magina, don mota ba ta hawa. Baƙi sau ɗaya suke yi, su ɗau hoto su wuce. Ita shekara uku tana wannan dakon duk Asabar, kuma kowa a ƙauyen ya san ba son tsohon gini ke kai ta ba.

Lubor ya juyo daga katangar da yake ɗorawa. Ko murmushi bai yi ba.

"Me ya kawo ki?"

"Masoyina... Baba ya amince! Wata biyar ina fama da shi, jiya ya ce ko mai gyaran gidan matattu ne, ya yarda!"

"Wata biyar ba ki hau ba, Zdenka."

"Ai hana ni ya yi! Ba ina aiko Jarmila da buhuna ba? Da wasiƙa ɗaure a bakinsa?"

Jarmila 'yar kawunta ce, ɗaki ɗaya suka tashi.

Lubor ya ajiye cokalin gini a hankali.

"Buhu dai na gani. Cewa ta yi kin gaji da dako... wai in nemi daidai da ni."

"Kuma ka yarda? Saukowa ka tambaye ni ta gagare ka?"

"Babanki ya ce zai sakar mini kare."

"Kare!" Ta yi dariya mai ɗaci. "Ni na haye dutsen nan sau ɗari da hamsin, kai kare ya tsayar da kai?"

Nan Jarmila ta fito daga ƙofar hasumiya da kwandon abinci, sanye da rigar sanyin Lubor. Da ta ga Zdenka sai ta dafa cikinta, ta kau da kai.

"Wata uku ne," in ji Lubor, murya ƙasa-ƙasa. "Gobe za a sanar da aurenmu a coci. Zdenka, da na sani..."

Zuciyarta ta yi mata nauyi har ta kasa kuka. Ta tsane shi, kuma abin haushin, har yanzu tana son sa.

"Ki ce wani abu mana, don Allah."

Ta leƙa ta rusasshiyar taga. Can ƙasa, bakin hanya, wani tsoho na tsaye jikin mota.

"Ka ga Baba can? Rigarsa ta zuwa coci ya sa. Ƙafarsa ba ta iya hawa, ya ce in sauko masa da surukinsa su gaisa."

Ta goge tafin hannunta a siket, ta kama hanyar gangara ita kaɗai.