Yayyafin Tiurma

Tiurma na tsugune a kicin tana kankare ɓawon kifi sai ga mahaifiyar saurayinta Parulian ta faɗo, riƙe da farar riga, shi kuma yana bayanta sumui-sumui.

"Sannu da zuwa, Namboru," in ji Tiurma, don haka ake kiran uwar miji a garinsu.

"Riƙe sannunki! Ga riga. Lahadi fastonmu zai nutsa ki a tafkin Toba. Wancan yayyafin da aka yi miki kina jaririya ai wankin goshi ne, ba baftisma ba! Kuma surukata ba za ta hau mumbari tana karanta wa maza Littafi ba, ehe!"

Tiurma ta ajiye kifin. Mahaifiyarta, cikin ciwon ajali, ita ta rungume ta zuwa coci aka zuba mata ruwan nan. Abin da ta bar mata ke nan a duniya.

"Namboru, in na shiga tafki, na ce wahalar uwata banza ce."

"Haba darlin," in ji Parulian yana sosa ƙeya, "ɗan nutso ne fa, kamar siwimin—"

"Siwimin? Kai ma?"

"To babu nutso, babu aure!" Namboru ta fizge farar rigarta, ta ja ɗanta kamar akuyar kasuwa.

Wayyo Tiurma! Abinci ya gagara, ta rame sai idanu. Ran Lahadi ta hau mumbari, tsofaffi na ƙus-ƙus: "Ga mai wa'azin da ta kori miji." Damina ta zo ta wuce, Parulian ko fulashin. Ta cire rai, ba ta dai fasa karatu a coci ba.

Kwatsam kakar Parulian, uwar Namboru, ta rasu. Namboru ta garzaya wurin fastonsu. Ya gyara taye, ya yi gyaran murya: "E to... 'yar'uwa... marigayiya yayyafi kawai aka yi mata. Ba za mu iya sa hannu ba."

Matan cocin su Tiurma ne suka kewaye gawar da waƙa, Tiurma ta buɗe Littafi ta karanta. Namboru ta rushe da kuka, ta kama ƙafarta.

"'Yata, gaya mini gaskiya. Uwata ta tafi da baftisma?"

"Ta tafi da ita, Namboru. Irin tawa ce."

Bayan makoki, Parulian ya zo kai a ƙasa. Sai da ya sha zarya kafin ta kula shi. Ranar da ta shiga gidansu, Namboru ta ɗebi ɗanyar shinkafa ta watsa mata a ka, yadda ake tarbar amarya.

"Namboru, wannan ɗan yayyafin ya isa?" in ji Tiurma.

"Ja'ira! Ya isa."

'Yan mata, kada son aure ya sa ku sayar da abin da zuciyarku ta gaskata. Mahaƙurci mawadaci.