Noman Ɗantala

Can a zamanin da, an yi wani gwanin manomi wai shi Ɗantala. In aka yi ruwa, sai ya yar da fartanya ya kama rawa: "Na yi arziki!" In ruwa ya ɗauke, sai ya yar da fartanya ya kama birgima: "Na shiga uku!"

Maƙwabciyarsa Iya Tabawa kuwa, ko an yi ruwa ko an ɗauke, "To, madalla" kawai take cewa, ta duƙa noma.

Da kaka ta yi, gonarsa ciyawa zalla. Ya je wurin Iya Tabawa roƙon gero yana sharar hawaye.

Ta ɗebo masa, ta ce, "Sannu da aiki, ɗan nan. Rawar da birgimar, a wane rumbu ka zuba su?"