Mai Riƙon Igiya a Tsohuwar Tasha

Ana gab da magariba dutsen farko ya faɗo tsakar gidan mai walda. Sumul yake, jiƙe sharkaf, alhali kogi ya yi shekara arba'in da barin unguwar. Nan ce tsohuwar tashar jiragen ruwa. Da yashi ya cike ta aka mayar da lodi can gangare, aka yanka filaye a kan matakalar 'yan dako. Abin da ya rage sai wani ƙaton zoben ƙarfe a bangon gidan, inda ake ɗaure jirage a da. Shi ne mai walda ya yanke, wai zai faɗaɗa shago.

Kwana uku ana jifa. A na huɗu 'yarsa, budurwa mai ɗinki, ta zauna gindin bangon ta dunƙule hannuwa gam, ba ci ba magana. Mako uku tana ramewa a idonsu. Uwar ta zargi kowa, har da aminiyarta ta ɓata. Gogan naku mai walda kuwa ko uffan.

Da aka kawo Malam, bai daɗe da fara karatu ba wata murya ta fito daga bakin yarinyar, kakkaura, a gajiye.

"Wa ya yanke mini zobe?"

"Kai wane ne?" in ji Malam.

"Abokin aikin kakanta. Shi ke ɗaure jirage, ni ke riƙe igiya in ruwa ya yi ƙarfi. Ko kwale-kwale bai taɓa kuɓuce mana ba. Ranar ƙarshe ya ce, riƙe nan, ina zuwa. Ina nan riƙe."

"Bawan Allah, ya yi shekara ashirin da rasuwa. Kogin ma ya ƙaura."

 Sai muryar ta fashe da kuka, irin na babba, mai wuyar ji.

"Ba wanda ya zo ya sallame ni?"

Mai walda ya durƙushe. "Mahaifina ya bar mini saƙo yana jinya. Ya ce in je gaban zoben in ce aiki ya tashi. Na ji kunya a gan ni ina magana da bango."

"To a bar mini ita, ta riƙe kamar yadda na riƙe."

"Ba ita ta ci amanarka ba," in ji Malam. "Ubanta zai faɗa da bakinsa, ya saɓa zoben a kafaɗa har kogi, a ƙafa, kowa na kallo."

"Na yarda. Amma ban yafe ba."

Mai walda ya ce, "Aiki ya tashi. Saki igiya."

Yarinyar ta sulale jikin uwarta, ta nemi ruwa. Uban ya yi wuf ya ɗebo a kofi. Matar ta karɓe, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Mako uku, baban yara," ta ce. "Kana kallonta, kuma ka sani."