Tsuntsun da Aka Ɗora wa Laifi

Lanfen tana aji biyu a babbar sakandare a garin Zigong na ƙasar Sin. In dai karanta Turanci ne a takarda, babu mai kama ƙafarta a ajinsu. Amma da an kunna murya an ce a saurara, sai kanta ya ɗaure. Turawan nan magana suke yi kamar ana korarsu.

Kullum Malama Pei takan ba su aikin sauraro su yi a gida. Wata rana Lanfen ta gano cewa duk abin da muryar take faɗa an rubuta shi a bayan littafi. Shi ke nan, kakarta ta yanke saƙa. Sai ta saƙala abin sauraro a kunne ba tare da ta kunna komai ba, ta karanta, ta cike amsoshi. Kullum sai ta cinye duka.

To, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Jarrabawa ta zo, lasifikar bangon aji ta fara zuba, kuma babu bayan littafi. Lanfen ta kasa kunne har da runtse ido. Ba ta tsinci abin kirki ba.

Ranar da sakamako ya fito, suna cin taliya, mahaifiyarta ta ajiye tsinken cin abinci.

"Ke da kike cinye aikin gida? Me ya faru?"

Daidai nan tsuntsun kakanta ya rangaɗa waƙa a baranda.

"Wancan tsuntsun ne, Mama," in ji ta. "Tun asuba yake cika mini kunne. Kafin in shiga aji kaina ya yi nauyi."

Tsuntsu ne mai farar gira. Tun da matar Kaka ta rasu, shi ne abokin hirarsa. Kowace safiya yakan rufe kejin da shuɗin ƙyalle, ya tafi lambun gari yana lilo da shi, ya rataye shi a reshe kusa da na abokansa, su zauna shan shayi.

Duk maganar nan a kunnen Kaka aka yi ta. Washegari da Lanfen ta dawo daga makaranta, ba keji a baranda.

"Kaka, ina tsuntsunka?"

"Na ba abokina Tsoho Geng. Karatunki ya fi, jikata."

Daga ranar Kaka ya daina zuwa lambu. Ya ce ba zai je haka kawai ya zauna yana kallon kejin mutane ba. Sai ya wuni a baranda, shayinsa ya huce a gabansa. Ko tsokanar Lanfen da yake yi ya bari.

Gidan ya yi tsit, amma har yanzu Lanfen ba ta jin Turancin. Abin ya tsaya mata a rai. Ta yi da-na-sani, ta ji kunyar kanta ƙwarai.

Da ta kasa daurewa, ta sami Malama Pei ta faɗa mata komai.

"Aikin kunne kika ba ido," in ji malamar. "Wannan mai gyaruwa ne, zan taimake ki. Amma akwai wanda ya fi ni bukatar jin wannan magana."

Da yamma Lanfen ta tsaya gaban Kaka da Mama, hawaye na zuba.

"Ƙarya na yi. Tsuntsun ba shi da laifi. Amsoshin nake karantawa a bayan littafi. Kaka, ka yafe mini."

Mama ta buɗe baki za ta yi faɗa, Kaka ya ɗaga mata hannu.

"Bar ta, ta riga ta ji a jikinta. Ke kuma, sarkin wayo, ɗauko mini hulata."

Suka nufi gidan Tsoho Geng. Yana ganinsu ya miƙo kejin.

"Karɓi abinka! Ya cinye mini abinci, ko sannu bai ce mini ba. Halin maigidansa ya ɗauko."

Da gaske tsuntsun ya daina waƙa. Ranar Lahadi Lanfen ta raka Kaka lambu, ita ta riƙe kejin. Suka rataye shi cikin 'yan'uwansa. Ya karkata kai, ya yi shiru.

"Kaka, ko na lalata shi ke nan?"

"A'a, saurare yake yi. Haka ya koya tun yana ƙarami. Sai ya sha ji, sannan ya buɗe baki."

Sun daɗe a zaune. Can sai tsuntsun ya gyara tsayuwa, ya saki murya. Kaka ya yi dariya har shayi ya zube masa a wando.

Tun daga nan Lanfen ta liƙe bayan littafin da gam. Takan saurara, ta kasa, ta sake saurara. Makinta bai tashi nan take ba, amma yana hawa a hankali, kuma nata ne.

Yara, kada ku bi gajeriyar hanya a karatu. In kuma kun yi kuskure, ku ɗauki laifinku, domin ƙaryar da kuka yi don ku tsira tana iya faɗawa kan wanda ya fi kowa ƙaunarku.